Dandalin dara ya koma cikin waya: dattawa da wasan lido ta intanet

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin hirar da muka yi a filinmu na wannan mako, don waɗanda ba su samu kama tashar ba saboda suna hanya ko suna daji. Maganar kuwa ta taso ne daga ƙorafin matasa, abin mamaki. Da can iyaye ke kukan yara sun maƙale wa waya. Yanzu kuma sai ga yara na kukan Baba ya ƙwace musu caja, yana buga lido da abokinsa na Kuseri har sha biyun dare. Duk mai zagayawa Babbar Kasuwar Njamena ko kasuwar Dembe bayan la'asar, lokacin da ciniki ya lafa, zai ga haka da idonsa: dattijo mai furfura a bakin shago, tabarau a karan hanci, yana dangwala waya yana faɗa da wanda ba ya wurin.

Mu fara da gaskiya guda: wasa ba baƙon dattawanmu ba ne. Dara tun asali ta manya ce. Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 kowanne da gurbi 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da kara. Sai an gama zubawa a fara turawa, wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa zama gindin bishiyar da ake dara ya san ba cin wasan kaɗai ke tara mutane ba. Nan ake jin farashin sa a Masakori, nan ake jin wa ya rasu, wa ya aurar da 'ya, wace hanya ce ta lalace. To fatake da makiyaya mutanen tafiya ne. Abokin darar mutum yau yana Njamena, gobe yana Gamborun Ngala, jibi ya wuce Maiduguri da shanu. Ga kuma shekarun rashin tsaro a yankin Tafkin Chadi, da suka tarwatsa majalisu da yawa, wasu abokan shekara talatin ba su sake zama tabarma ɗaya ba. Abin da wayar ta yi shi ne ta ba su wata tabarmar. A ganina wannan ne ainihin labarin, sauran duk bayani ne.

Wasan da aka fi gani a hannun manya shi ne Ludo King. Wani ɗan ƙasar Indiya mai suna Vikash Jaiswal ne ya fitar da shi a 2016 ta kamfaninsa Gametion, ya kuma yi tashe sosai a 2020 lokacin kullen korona, har aka sauke shi a waya fiye da sau miliyan 500. Shi kansa lido tushensa Indiya ne, daga wani tsohon wasa da suke kira pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi a 1896 suka yaɗa shi ƙasashen da suka mallaka. Kun ga kenan ya zagaya duniya ya koma gida.

Yaya ake yi mutum na Njamena ya buga da na Fotokol? Cikin wasan akwai zaɓi kusan huɗu. Ana iya bugawa da na'urar kanta, ana iya bugawa mutum biyu ko huɗu a waya ɗaya ana miƙa wa juna, waɗannan biyun ba sa buƙatar intanet ko kaɗan. Na uku shi ne a haɗa ka da baƙi daga ko'ina a duniya. Na huɗu, wanda ya fi dacewa da iyayenmu, shi ne ɗakin abokai: mutum ɗaya ya buɗe ɗaki, wasan ya ba shi lamba, ya tura wa abokansa lambar ta WhatsApp, kowa ya shigar a wayarsa, shi kenan an hallara. Wayoyin ba kai tsaye suke magana da juna ba. Kowace tana aika motsinta zuwa wata babbar kwamfuta ta kamfanin a can nesa, ita ce ke jefa ƙwayar, ita ke sanar da sauran abin da ya fito. Saboda haka in Alhaji ya ce Ardo ya yi masa maguɗi don shida ta fito masa sau biyu, to Ardo dai ba shi da hannu a ciki.

Wannan tsari na bi da bi shi ne dalilin da lido ke tafiya a inda wasannin matasa ke tsayawa. Irin su PUBG da Free Fire na buƙatar saƙo ya je ya dawo cikin ƙiftawar ido, in layi ya yi jinkiri kaɗan an harbe ka. Lido kuwa ɗan saƙo ne ƙarami, in ya makara da daƙiƙa biyu ba abin da ya ɓaci. Shi ya sa ko a ruga, in dai akwai sanda biyu ta Airtel ko Moov, ana iya yi. Sai dai fa akwai agogo: in lokacinka ya wuce ba ka taɓa ba, na'ura ta buga maka, in abin ya yawaita ta fitar da kai. Masu zama kusa da gadar Ngeli su kula da wani abu kuma. A bakin kogin Logon waya kan saki layin Chadi ta kama na Kamaru ba tare da ta yi shawara da kai ba, kuɗin ƙetare kuwa ba irin na gida ba ne. A sa yaro ya kashe wurin da aka rubuta yawon data a saitin wayar, ko a zaɓi layi da hannu.

Wani zai ce to ai kyauta ne wasan, da me kamfanin ke ci? Da talla, da kuma sayar da sulallan cikin wasa. Tallan nan na bidiyo da ke faɗowa bayan kowane zagaye sun fi wasan kansa cin data. Wanda ke bugawa da na'ura ko da na kusa da shi, ya kashe data gaba ɗaya, mega ɗinsa ya huta.

Ba mu kaɗai ba ne da tsofaffi 'yan wasa, kuma na kawo wannan ne don masu cewa abin kunya ne. A Japan akwai Hamako Mori, haifaffiyar 1930, wadda ta fara wasan bidiyo tun 1981, a 2020 kundin Guinness ya sa ta a matsayin mafi tsufa cikin masu nuna wasa a YouTube, tana da shekara 90. A Amurka akwai Shirley Curry, haifaffiyar 1936, da ta tara mabiya sama da miliyan ɗaya tana buga wani wasa mai suna Skyrim, tana kiran masu kallonta jikokinta. A Suwidin kuma a 2017 an kafa ƙungiyar Silver Snipers, 'yan shekara 62 zuwa 81, suka shiga gasar Counter-Strike da samari. Ba su ci ba a karon farko, amma zauren ya tashi da tafi. Abin lura a wurin dukkansu shi ne jama'ar da suka samu, ba kofi ba.

To shin wasan na wasa ƙwaƙwalwa, kamar yadda talla ke cewa? Nan sai a yi hattara. A 2013 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, ƙarƙashin Adam Gazzaley, sun gwada wani wasan tuƙi mai suna NeuroRacer a kan mutane 'yan shekara 60 zuwa 85, suka ga sun ƙara iya haɗa aiki biyu a lokaci guda, kuma amfanin ya daɗe watanni. Amma wasa ne da aka ƙera musamman don gwajin, ba lido ba. A 2016 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda ya yi iƙirarin wasanninsa na kare mutum daga ruɗewar tsufa ba tare da hujja ba. Don haka duk wanda ya ce maka wasan waya magani ne, kasuwarsa yake ci. In ana maganar motsa tunani, ni dai dara na fi ba maki, don ita lissafi ce tsantsa, lido kuwa rabinsa sa'a ce. Dillalin da ke lissafa sa 40 daga sefa zuwa naira a kansa ma bai rasa motsa ƙwaƙwalwa ba.

Amfanin da ya tabbata shi ne na hira. Kusan kowane ɗakin lido yana da zauren WhatsApp a bayansa, kuma saƙon murya ya cire wa wanda bai yi boko ba shinge: Hausa, Larabcin Chadi, Fulatanci, Barbarci, kowa da bakinsa. Ana tsokanar wanda aka cinye jiya, daga nan a gangaro kan farashin raguna, a tambayi lafiyar wanda kwana biyu bai leƙo ba. Dattijon da ƙafa ta hana shi zuwa kasuwa, ko wanda matarsa ta rasu 'ya'ya suka watse, wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Mutanen Chadi sun san darajar abin, don sun ɗanɗana rashinsa: daga Maris 2018 har zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar, wata 16, sai mai VPN ke shiga, ita kuma tana ƙara cin kuɗi.

Yanzu ga inda dara kan ci gida. Majalisar gindin bishiya kowa na ganin fuskar kowa. Zauren waya kuwa na iya ɗaukar mutum har 1024, kuma in aka bar kowa na jawo nasa, ba a jimawa sai ka tarar da lambobin da ba wanda ya san masu su. A irin wannan zaure ne mutum zai saki baki ya ce gobe da asuba zan kama hanyar Gamboru, na sayar da shanu, ko ya ɗauki hoton garkensa ya faɗi mashayar da suke. Wallahi wannan magana ce da ko a tasha ba ka yi da ƙarfi. Ɓarayin shanu da masu tare hanya su ma suna da waya. Zaure ya zama yana da shugaba ɗaya ko biyu da su kaɗai ke shigar da mutum, kuma wanda za a shigar a san ubansa ko ubangidansa. Maganar tafiya da kuɗi a yi ta mutum da mutum.

Sai zambar lamba shida. Wani zai kira, da ladabi, ya ce ana shirya gasar lido ko taron zaure, an turo maka lamba ta saƙo, karanto min in yi maka rajista. Lambar nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Da ka karanta, ya ɗauke asusun zuwa wayarsa, ya shiga tura wa abokan cinikinka saƙo da sunanka yana neman a turo kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money, wai kaya sun maƙale a kwastan. Da yake sunan dattijo ne mai mutunci, mutane na turawa. Lambar ɗakin lido kai ke ba abokai, ba ta da haɗari. Lambar da ta shigo ta saƙo daga WhatsApp ba a ba kowa, ko da ya ce shi ɗanka ne. Akwai kuma wurin sa lambar sirri ta biyu a cikin saitin WhatsApp, aikin minti biyu ne, a sa jika mai amana ya yi.

Caca kuma ta shigo ta ƙofar talla. Wasu manhajojin kamanninsu ɗaya da lido, sai dai su ce zuba ɗari biyar ka ci dubu biyar. An tsara su ne yadda gidan zai riƙa cin riba a kan jimillar masu zubawa, in ba haka ba da sun rufe. Mutumin da ba zai taɓa shiga shagon caca ba don idon jama'a, ga shi shagon ya biyo shi har ɗaka, ba mai gani. Kuɗin uwa na fatauci in ya fara zuba nan, ba ya dawowa. Hukuncin caca dai ba wanda bai sani ba. Shi kansa wasan jefa ƙwaya ko babu kuɗi, malaman fiƙihu da yawa sun tsananta a kansa tun da, wasu masu sauraro sun tuna mana da haka, kuma gaskiyarsu ne. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Dara dai ba ƙwaya a cikinta.

Game da yawan yi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Ma'auninta ba yawan awoyi ba ne. Alamar ita ce mutum ya kasa dainawa, wasan ya ture sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a saba ganin haka kamar shekara guda. A wurinmu fassarar mai sauƙi ce: mai saye na tsaye kana cewa bari in ƙarasa, an kira salla kana jiran shida, ko batirin da za a kira gida da shi in wani abu ya taso cikin dare ya ƙare a lido. Makiyayin da ke caji da ɗan faifan sola ya fi kowa sanin tsadar wannan. Idanu ma na da haƙƙi. Daga shekara 40 ganin kusa na raguwa ga kusan kowa, ba wayar ce ta jawo ba, amma ƙura wa ƙaramin allo ido cikin duhu na kawo ciwon kai da yaji. A ƙara girman rubutu, a rage hasken da dare, a nemi tabarau na karatu a asibitin ido maimakon na kan tebur a kasuwa in da hali.

Wani abu da ya tsaya min a rai shi ne, Indiyawa sun ɗauki wasan kakanninsu sun sa a waya har ya iso rugagen Chari-Bagirmi, mu kuwa darar da ta fi shi zurfi ba ta da wata manhaja da ta yi suna a tsakaninmu. Ƙa'idojinta ba su da wuyar rubutawa a kwamfuta, gurbi 30 ne da 'ya'ya 24, ba ta buƙatar layi mai ƙarfi, ɗakin mutum biyu ya isa. Matasan da ke koyon haɗa manhaja a Njamena da Maiduguri da Difa, wahalar da za ku sha ɗaya ce: sai kun zauna da dattawan kowane gari kun daidaita ƙa'ida, don yadda ake cire ɗa a wani wuri ba haka ake yi a wani ba, kuma ba wanda zai yarda nasa ne ba daidai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, filin zai duba rigakafin ciwon huhu na shanu kafin a fara gangarawa kudu. Masu tambaya su aiko da saƙon murya tun kafin ranar Laraba.