Shimfiɗar teburi: ta kallo ko ta aiki?

Ƴan uwa mata, ku shiga ɗakin amarya a Maraɗi ko Damagaram ranar jere, ku dubi ɗan teburin da ke tsakar ɗaki. An lulluɓe shi da farin ƙyalle mai leshi a baki, wanda ƴan lakwal ke ce ma nap, an aza furen roba bisa. Ku koma bayan wata shida. Ƙyallen na nan, ƙurar hunturu ta maishe shi ja, ba a taɓa cin ko loma guda a kansa ba. Tuwo dai a ƙasa ake cin shi, bisa tabarma, faifai na rufe da kwano, yadda muka taso muka iske.

Ado ba laifi ba ne, kowace uwa na son a yaba ɗakin ɗiyarta. Abin da ke damuna, sau da yawa da bashin asusu ake sayen irin wannan kaya. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, dabarar ita ce a ɗauki kuɗi a juya su, su haihu, a maido da riba. To ƙyallen da ke kwance bisa teburi me zai haifa? Ranar biya ta zo, sai ka ga an kai akuya kasuwa.

Amma fa shimfiɗar abinci tana da aikinta, ko a teburi ko a ƙasa. Tabarmar kaba, ko da ta Madawa ce mai kyan saƙa, in miyar kuka ta shiga tsakanin saƙar ba ta fita da sauƙi, daga nan sai tururuwa da ƙuda. In an shimfiɗa ƙyalle kafin a aje kwano, yara sun gama ɓarinsu, a naɗe, a kakkaɓe ma kaji, a wanke. Ledar teburi ta kasuwa ta fi saurin gogewa, gaskiya ne, sai dai tukunya mai zafi na narkar da ita, rana kuma na sa ta tsattsage. Ni abin da nake yi, leda daga ƙasa, ƙyalle daga bisa.

Kuma ba sai an saya ba. Turmin atamfa yadi 6 ne, zane 3 ke nan, zane guda kuwa ya ishi ƙaramin teburi har ya sauko gefe. Tsohon zanen da tsakiyarsa ba ta mutu ba, a yanke bakin, a kalmashe. Ƙyallayen da ke zube ƙarƙashin keken tela ma, a haɗa masu kauri ɗaya, su ba da shimfiɗa mai ban sha'awa. Sabuwar atamfa a jiƙa ta tukuna kafin a yanka, don tana ɗan tsukewa. A zaɓi mai duhu, mai ƙananan zane, ita ke ɓoye tabo. In manja ya zuba, a wanke da sabulu nan take a shanya a rana, jan zai kwashe. Wadda ke da rubutun Larabci kada a kusantar da ita wurin abinci. Ta siyasa mai hoton mutum kuwa, kun san rigimar da za a yi in baƙo ya iske an aza miya bisa fuskar gwaninsa! Ta ranar mata ta 13 ga Mayu, wadda ta kwana biyu a akwati, ba ta da wannan matsala.

Ga masu keken ɗinki cikinmu, nan akwai ciniki. Masu gidan abinci, masu tuwo-tuwo da ke da benci da teburi, iyayen amare, duk suna bukata. Wadda ta taɓa zagaya ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai ta ga yadda ake jera shimfiɗun rini da na surfani tare da ƙananan ƙyallayen goge hannu. Sai dai kafin ki ɗauki bashi, ki zauna ki ƙirga yadi, zare, ladan ɗinki da ribar asusu. Ki je da igiya ki auna teburin mai saye, ki ƙara taki guda kowane gefe. Ki fara da biyu ko uku, ki kawo su wurin taro ranar zubi mu gani.