Gaskiya ko Jita-jita: Omo, Gishiri da Kananzir a Tankin Feshi

Da zarar ruwan shuka ya sauka, za ka ji masu feshi suna ba juna sirri: a zuba garin Omo a tanki, a ƙara gishiri, wasu har da kananzir, wai don maganin ciyawa ya ƙara kaifi. Hujjarsu ɗaya ce, washegari ganye ya ƙone. To ai a nan gizo ke saƙa.

Maganin da aka fi saye a kasuwanninmu, irin su Roundup da Force Up, sinadarin glyphosate ne a cikinsu, wanda kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayarwa a 1974. Ta ganye yake shiga, ya bi jikin ciyawa a hankali har saiwa, shi ya sa sai an yi mako ɗaya ko biyu kafin a ga aikinsa sosai. Kananzir da gishiri kuwa babbake ganyen suke yi tun maganin bai gangara ba. Manomi ya ga gona ta yi ja ya yi murna, alhali saiwar tofa da kiri-kiri da ƙwayar aya-aya suna nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Ruwa na sake sauka sai su tofo. Gishirin kuma, idan aka maimaita shi shekara da shekaru, ƙasar gonar yake lalatawa. Wannan jita-jita ce mai cin kuɗin talaka sau biyu, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Batun Omo yana da ɗan tushe, domin sabulu kan sa ruwa ya baje a ganye. Sai dai yawancin waɗannan magunguna da nasu sinadarin mannewa suke zuwa, garin wanki kuwa kumfa yake cika tanki da ita.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ruwan haɗin. Glyphosate da wani maganin ciyawa mai suna paraquat duka suna manne wa laka su mutu murus, don haka wanda ya ɗebi jan ruwan kududdufi ya rage ƙarfin maganinsa tun bai goya tanki ba. Haka ruwan rijiya ko burtsatse wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa: sinadaran kalsiyam da magneziyam da ke ciki suna ɗaure glyphosate.

A nan ne ake da ƙarin da yake gaskiya, wato takin amoniyam salfet. Ana narkar da kilo 1 zuwa 2 a lita 100 ta ruwa, kusan giram 160 zuwa 320 ke nan a tanki mai lita 16, sannan a zuba magani a kai. Takin yuriya ba ya maye gurbinsa a wannan aiki. Kafin a ƙara komai, a karanta takardar jikin kwalba, ko a kai ta ga malamin gona ya duba.