Cutar Layim: Maganin Likita da Gudummawar Jama'a

Gabatarwa

Bahaushe ya san kaska tun tuni a jikin shanu da karnuka, har ya yi mata kirari da "raɓi mai jini". Amma a wasu ƙasashen ɓarnar kaska ba ta tsaya ga dabba ba, domin cizonta kan jefa ɗan Adam cikin doguwar jinya. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka, wato cutar Layim, wadda ta fi yawa a arewa maso gabashin Amurka da wasu sassan Turai. Manufa ita ce a nuna yadda aikin likita da taimakon jama'a suka haɗu a kanta, da kuma inda suka saɓa.

Asalin Gano Ta

Layim sunan wani ƙaramin gari ne a Jihar Konetikat ta Amurka. A shekarar 1975 wasu mata biyu na yankin, Polly Murray da Judith Mensch, suka kai kuka ga hukumar lafiya ta jihar cewa yara da dama na fama da kumburin gwiwa. Likitoci sun ɗauka amosanin gaɓɓai ne irin na yara, amma matan suka ga yawan masu ciwon a wuri ɗaya ya wuce misali. Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dokta Allen Steere na Jami'ar Yel ya bi sawun maganar, ya tarar da mutum 51 masu ciwon a garuruwa uku, 39 daga cikinsu yara ne. A 1982 kuma Dokta Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar da ke haddasa cutar, wadda ya samu a cikin kaska, aka kuwa raɗa mata sunansa. Ke nan tun farko idon jama'a ne ya nuna wa likita hanya.

Yadda Take Kama Mutum

Kaskar da ke ɗauke da cutar takan kwaso ƙwayar daga ɓerayen daji da tsuntsaye, manyanta kuma su rayu a jikin wata irin barewa. Ƙaramarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba, saboda haka mutum kan yi kwanaki da ita bai sani ba. Galibi sai ta wuce kwana ɗaya a manne kafin ta zuba masa cutar. Bayan kwana 3 zuwa 30 sai jan tabo ya fito a wurin cizon yana faɗaɗa, tare da zazzaɓi da kasala. Wajen mutum 7 ko 8 cikin 10 ne ke samun tabon. In aka yi sake, ciwon kan kai ga shanyewar ɓarin fuska, ko rikicewar bugun zuciya, ko kumburin gwiwa bayan watanni. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana yi wa mutum kusan 476,000 maganin cutar a kowace shekara.

Hanyoyin Magani

Idan tabon ya fito sarai, likita ba ya jiran gwajin jini, domin a makonnin farko gwajin ba ya cika nuna cutar. Akan ba da doksisaikilin na kwana 10 zuwa 14, ko amoksisilin na kwana 14, wanda shi ake ba masu juna biyu. Ciwon gaɓɓai kan ɗauki kwana 28 ana shan magani. Wanda ciwon ya taɓa masa zuciya ko ƙwaƙwalwa da tsanani, akan yi masa allurar seftiriyakson ta jijiya na mako biyu zuwa uku. Haka kuma a yankin da cutar ta yi yawa, akan ba wanda kaska ta daɗe a jikinsa doksisaikilin sau ɗaya tak cikin sa'a 72 da cire ta. Mafi yawan waɗanda aka yi wa magani da wuri sukan warke sumul.

Sai dai akwai kaɗan da ke ci gaba da jin gajiya da ciwon jiki da mantuwa har fiye da wata shida bayan magani. A kan waɗannan ne taimakon jama'a ya fi amfani, a kansu ne kuma gardama ta fi zafi.

Gudummawar Jama'a

Majinyacin da gwaji bai nuna masa kome ba, alhali ba ya iya tashi aiki, babban abin da yake bukata shi ne wanda zai gaskata shi. Wannan ne ya sa masu ciwon da iyalansu suka kakkafa ƙungiyoyi, suna haɗuwa a ɗakunan karatu da majami'u, daga baya kuma ta intanet. Sukan raka juna asibiti, su taya juna cika takardun inshora, su tara kuɗin bincike. A watan Mayu sukan zaga makarantu suna koya wa yara duba jiki bayan shiga daji da cire kaska da hantsaki. Matsin lambarsu ya taimaka wajen sa Majalisar Amurka ta kafa kwamiti kan cututtukan kaska a dokar 2016, wanda ya yi aiki har 2022.

Amma fa so kan kai mutum inda hujja ba ta kai ba. Wasu ƙungiyoyi sun dage a riƙa ba da magani wata da watanni, alhali gwaje-gwajen da aka buga tun daga 2001 sun nuna hakan bai fi ɗan gajeren magani amfani mai ɗorewa ba, kuma yana da haɗarin lalata ciki da shigar wata cutar ta hanyar allura. Har ila yau, allurar rigakafi ta LYMErix da aka amince da ita a 1998 an janye ta a 2002, bayan tsoron cewa tana jawo ciwon gaɓɓai ya kashe mata kasuwa, ko da yake bincike bai tabbatar da zargin ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane ɓangare da nasa aikin. Jama'a su ke fara ganin ciwo, su ke kuma zama da majinyaci bayan an sallame shi. Likita kuwa shi ke da ma'aunin da ake rarrabe maganin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Da likitocin Konetikat sun yi watsi da kukan matan nan, da an ƙara daɗewa cikin duhu. Haka nan ƙungiyar da ta juya wa bincike baya, 'ya'yanta take cuta. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.