Zare Mai Kaɗa Kansa: Bayani Kan Feftayid da Ruwa Mai Sahu

Sanin kowa ne zare ba ya samuwa sai da mai kaɗi da mazari. Amma masana kimiyyar sinadarai sun gano wani zare wanda yake kaɗa kansa, kuma shi ne abin da wannan maƙala za ta yi bayani a kai.

Feftayid gajeren jeri ne na amino asid, watau tubalan nan iri 20 da ake gina furotin da su. A 1993 Shuguang Zhang, na cibiyar MIT ta Amurka, ya bayyana wani feftayid mai tubala 16 wanda ya samo tsarinsa daga furotin na yisti. Tubalan suna bin juna bi da bi, mai son ruwa, sai mai gudun ruwa. Da zarar an zuba gishiri, sai masu gudun ruwa su fuskanci juna su ɓuya, jeri ya manne da jeri, har zare ya fito. A 2001 kuma, Samuel Stupp da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern suka ɗaura wa feftayid jela ta mai. Jelunan suka dunƙule a tsakiya, aka sami zare mai kaurin kimanin nanomita 7. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na mita.

Idan zaren ya yawaita cikin ruwa, babu sauran filin da kowane zai juya yadda ya ga dama, sai duk su miƙe su fuskanci gefe guda. Abin yana gudana, amma ƙwayoyinsa a jere suke. Friedrich Reinitzer ya fara lura da wannan hali a 1888, cikin wani sinadari dabam. Mun zaɓi mu kira shi ruwa mai sahu, domin jeruwar ita ce jigonsa. Kalmar lu'ulu'u da wasu ke amfani da ita ƙyalli kawai take kawowa a zuci.

A 2010 ƙungiyar Stupp ta ɗumama irin wannan ruwa, ta bari ya huce, ta jawo shi cikin ruwan gishiri, ya zama igiya wadda ƙwayoyin halitta suke girma suna bin tsawonta. A 2021 suka ba da rahoton ɓerayen da lakarsu ta ji mummunan rauni, waɗanda suka koma tafiya cikin mako 4 bayan allura guda.

Sai dai irin wannan mannewa ta jeri da jeri ita ce ke haifar da zaren amiloyid da ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, don haka wajibi ne mai ƙera feftayid ya san yadda jiki zai narkar da zarensa kafin ya kai shi ga majiyyaci.