Man ido na Tetrasiklin: araha gare shi, amma sai da haƙuri

Duk wanda ya taɓa kai yaro likita a Maraɗi ko Damagaram saboda jan ido da kwantsa, da wuya bai dawo gida da wani ɗan bututun man shafawa mai ruwan ɗorawa ba. Sunansa Tetrasiklin, mai ƙarfin kashi 1 bisa 100.

Asalinsa daga ƙasa ne. A shekarar 1945 wani masani ɗan Amurka, Benjamin Duggar, ya gano maganin farko na wannan dangi cikin wata ƙwayar halitta da ke zaune a turɓaya. Tetrasiklin kansa ya bayyana a 1953. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin cuta ƙera abin da suke gina jikinsu da shi, sai su kasa yaɗuwa.

A ƙasarmu, babban yaƙin da ya sha shi ne da amodari, ciwon da ƙuda, hannu marar tsabta da gyale ke ɗauka daga idon wannan yaro zuwa na wancan. Ƙa'idar Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ita ce a sa man a ido biyu, safe da yamma, har sati shida. To, nan fa gizo ke saƙa. Man yana da ɗan zafi, yana dushe gani na ɗan lokaci, yaro kuwa yana kuka yana fizgewa. Uwar da ke da daka da ɗibar ruwa a gabanta, da ta ga jan ya wuce bayan kwana huɗu, sai ta ajiye bututun bisa kan gado. Ba mu ga laifinta sosai ba, amma ƙwayar tana nan, kuma kowace dawowar ciwon tana barin tabo a cikin fatar ido.

Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1990 aka karkata ga Azitromisin, wanda ake sha sau guda a rabon shekara. Duk da haka jarirai ƴan ƙasa da wata shida man ne ake ba su.

Idan kuwa tabon ya riga ya juyar da gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido, man ba ya miƙe shi. Tsofaffin da ke tsige gashin da matsefata suna samun sauƙin kwanaki ne kawai. Ƙaramin aikin tiyata a likita shi ne ke ceton ganinsu.