Ƙarancin Gishirin Jini Ga Masu Ciwon Daji

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko mana da takarda, ya ce an kwantar da mahaifinsa a asibiti saboda ciwon daji na huhu. Likita ya ce gishirin jininsa ya yi ƙasa, ya kuma hana a ba shi ruwa da yawa. Yana tambaya, me zai hana a ƙara masa gishiri a miya kawai?

To malam, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da likita ke nufi shi ne wani sinadari da ake kira sodiyam. A jinin mai lafiya awonsa yakan tsaya tsakanin 135 da 145. In ya gaza 135 ya yi ƙasa ke nan, in kuwa ya gangara ƙasa da 120, to akwai haɗari.

Ka san miya in aka cika mata ruwa sai ta yi lami, alhali gishirin yana nan. Haka abin yake a nan. Wani nau'in dajin huhu yakan fitar da sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa maimakon ta fitar da shi ta fitsari, sai jini ya tsinke. Shi ya sa likita yakan ce kada abin sha ya wuce kamar lita ɗaya a rana, wato ledar ruwa biyu, har da koko da shayi a lissafin.

Amma fa ba kowa ake rage wa ruwa ba. Wanda amai ko gudawa suka ƙarar, ko magungunan daji suka taɓa masa ƙoda, shi ƙarin ruwa mai gishiri ake yi masa. Gwajin jini da na fitsari ne ke raba gardama.

Ka sa ido a kan ciwon kai, tashin zuciya, kasala da yawan barci. In ka ga ya soma sambatu, ko bai gane mutane, ko yana jijjiga, kada a ce iska ce ko sammu. Ruwa ne ya shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura, a garzaya wurin likita.

Kada kuma ka ba shi gishiri ko kanwa da kanka. Likitoci ma a hankali suke ɗaga awon, ba sa wuce kamar 8 zuwa 10 a kwana guda, domin gaggawa kan lalata ƙwaƙwalwa.

Da fatan ka gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu.