Kati, Foman da Ƙungiya: Yadda Tsari Ya Shafi Aiki a Masaƙun Kaduna da Kano

A shekarar 1957 aka buɗe Kaduna Textiles Limited, wato KTL, a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Kafin shekara goma ta cika, Nortex da UNTL da Arewa Textiles sun biyo baya, har unguwar ta koma jiniya ce ke raba wa mutane yini. Rukuni ya tashi, rukuni ya karɓa, injin bai huce ba. Tare da injunan aka shigo da tsarin aiki a rubuce: katin buga lokacin shiga, matakan albashi, foman a kan masaƙi, shugaban sashe a kan foman, da ofis mai riƙe da fayil ɗin kowa.

Yanayin sana'ar ne ya wajabta hakan. Auduga tana bi ta sashen kaɗi ta zama zare, zare ya je sashen saƙa, yadi ya wuce rini da buga zane. In zare ya fito da rauni, a hannun masaƙi zai riƙa tsinkewa, alhali yana tsaye kan injuna da yawa a lokaci guda. In babu rubutaccen bayanin wane injin ne ya kaɗa zaren, kuma wane rukuni ne ke bakin aiki, laifin yakan sauka kan wanda ya fi kowa ƙarancin gata. Ma'aikacin da aka zaftare wa albashi kan ɓarnar da ba tasa ba, da wuya ya sake zage damtse.

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun shafe shekaru suna nazarin masaƙun Najeriya, kuma kwatancin da suka yi tsakanin Kaduna da Kano yana da amfani har yau. A Kaduna manyan kamfanoni ne masu jarin gwamnati da na ƙasashen waje, inda yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ke tafiyar da hulɗa. A Kano kuwa, yawancin masaƙun ba su kai haka girma ba, na 'yan kasuwar gida ne da 'yan Labanan, kuma dangantakar ta fi kama da ta ubangida da yaransa.

Ba za a ce ubangida ba shi da amfani ba. Yakan tallafa ranar suna, yakan ba da rance ranar jinya, ba tare da cike fom ba. Sai dai alherin nasa ganin dama ne, kora ma haka. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan leburorin masana'antun Kano a shekarun 1970, ya nuna cewa da yawansu burinsu su tara ɗan jari su koma kasuwa. Wannan asara ce babba ga masaƙa, domin kunnen da ke gane injin ya fara ciwo tun kafin ya tsaya ba a wata uku ake samunsa ba. Duk ƙwararren da ya ajiye aiki, da ƙwarewarsa yake tafiya.

A 1978 gwamnatin soja ta haɗe ƙungiyoyin ƙwadago zuwa manyan ƙungiyoyi 42, a cikinsu har da ta ma'aikatan masaƙu da ɗinki, mai hedikwata a Kaduna. Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982. Lokacin ya zo daidai da ƙunci: kuɗin waje ya yi wuya, auduga da kayan gyara suka yi ƙaranci, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Manajoji suka rage ma'aikata, suka ƙara wa waɗanda suka rage yawan injuna. Nauyin ya yi yawa, amma inda ake da tsari akwai teburin da za a zauna a yi ciniki kan alawus, da kuɗin sallama, da matakan ladabtarwa kafin kora. Hujjar Andrae da Beckman ke nan: manajoji da kansu sun ga ribar ƙungiya mai ƙarfi, domin maganar da aka ƙulla da ita tana zaunawa a cikin masaƙa.

Shaida mafi ƙarfi kan amfanin tsari ta fito ne daga Indiya. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun tura ƙwararru wasu masaƙu da ke kewayen Mumbai, aka koya musu abubuwan da kamar ba su taka kara sun karya ba: rubuta kowane aibi da aka gani a yadi, duba injuna a kan kari, tsara siton zare, tattauna alƙaluman jiya kowace safiya. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna ingancin aikin samarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko, da injunan da suke da su tun da can. Wani abin da binciken ya gano zai yi wa ɗan kasuwar Kano kama da labarin gida: masu masaƙun ba sa sakin ragama ga wanda ba ɗan'uwa ba, har girman kamfani ya danganta da yawan mazan da ke cikin dangi. Da aka samu bayanai a rubuce, sai suka fara yarda su miƙa wa manajoji iko. Da masanan suka koma bayan wasu shekaru, sun tarar an watsar da kusan rabin sababbin dabarun, musamman inda manajan da ya koye su ya bar aiki.

Duk da haka, tsari yana da iyaka, kuma Kakuri ta ga iyakar. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari sun fi ƙarfin kowane jadawalin ofis. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Abin takaicin shi ne, tsoffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na giratuti, wanda yake a rubuce ƙarara, wasunsu har suka rasu ba su karɓa ba.

Abin da ya biyo baya a masana'antu da dama shi ne ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila. Mai kamfani yana ganin sauƙi: ba fansho, ba ƙungiya, ba kuɗin sallama. Amma kuɗin da ya tsira da su a nan suna zurarewa ta yadin da ya lalace da injin da ba wanda ya damu ya duba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Duk shirin farfaɗo da masaƙu da zai ba da rancen sayen injuna ya kamata ya sanya cika wannan doka cikin sharuɗɗan rancen.